Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wata gardama ce da ta haɗa ni da wani abokin karatuna, mutumin Wurno, a ɗakin kwananmu na jami'a. Ni Bakano ne, karatun Hausa ya kawo ni Sakkwato, kuma har na shiga shekara ta uku ban san kome ba game da wannan ƙasa in ban da hanyar da ta tashi daga Dandima zuwa aji. Ran nan da dare sai na ɗauko labarin wani yayana wanda ya je ƙaro ilmi ƙasar Japan cikin 2019, ina ba 'yan ɗaki, ina ƙara masa gishiri kamar da ni aka je.

Ga abin da Yaya ya gaya mini. A birnin Osaka, in ji shi, akwai mutanen da ba su da sana'a sai yi wa baƙo jagora zuwa wuraren cin abinci na bakin titi. Baƙo zai biya kuɗi, a haɗa shi da waɗansu baƙi biyar ko shida, jagora ya shige gaba, a yi ta kutsawa lunguna tun daga magariba har dare ya raba. Mutanen Osaka suna da wata kalma, kuidaore, watau mutum ya ci har ya tsiyace, kuma suna alfahari da ita. A unguwar Dotonbori aka fara ba su takoyaki, wani ƙullu da ake toyawa cikin kasko mai gurabu, a jefa yankan wata dabbar teku mai hannuwa takwas a tsakiyar kowane gurbi. Daga nan sai yakitori, naman kaza ne a tsinke bisa garwashi. Daga ƙarshe aka kai su izakaya, watau ɗan ƙaramin shago mai jar fitila a ƙofa, inda ma'aikata ke yada zango in an tashi daga aiki, su sha giyar shinkafa, su ci 'yan ƙananan akusa, maigida da yaronsa su zauna kafaɗa da kafaɗa su faɗi abin da ba ya faɗuwa a ofis. Yaya ya shaida wa jagoran tun farko cewa shi Musulmi ne, saboda haka aka riƙa kauce masa da naman alade, aka ba shi shayi mai sanyi a maimakon giya. Ya ce a wani birnin kuma, Fukuoka, akwai rumfunan tafi-da-gidanka kimanin 100 da ake kira yatai, a kafa su da yamma a kwashe su kafin gari ya waye. Da aka watse a daren nan, wajen ƙarfe ɗaya, jiragen ƙasa sun daina aiki, sai ya tako da ƙafa shi kaɗai har masaukinsa.

Da na kai aya sai na rufe da wata magana wadda har yau nake jin kunyarta. Na ce, "Ka ji inda ake rayuwa! Mu nan me muke da shi da wani zai biya kuɗi a nuna masa?" Abokina yana kwance, sai ya tashi zaune ya dube ni ya ce, "Kai Bakano, mi kas sani ga abincinmu? Taho mu tai gida in gwada maka. Ba ka biyana ko sisi, amma in munka komo ka faɗi gaskiya gaban waɗanga mutane." Na amsa. Wannan rubutu shi ne cika alkawarin.

Wurno

Mun tashi wata ranar Juma'a da safe cikin watan Fabrairu 2024, hunturu yana shirin bankwana. Muka bi ta Achida, cikin kamar awa guda sai ga mu a Wurno. Malamai da 'yan'uwana ɗalibai sun fi ni sanin matsayin garin nan a tarihi. Ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa wajen 1830, a nan ya rasu cikin 1837, kuma a nan hubbarensa yake. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya zauna garin cikin 1853 a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Garin yana bisa tudu, yana kallon fadamar gulbin Rima, wadda ke ciyar da shi da shinkafa da albasa da tafarnuwa.

Darasin farko a zauren gidansu abokina na same shi. Ko jakata ban ajiye ba sai ga ƙwarya rufe da faifai, da ludayi a kai. Na jiyo muryar mahaifiyarsa daga cikin gida tana cewa, "Maraba da baƙo. Sha hura, ɗiyana, sa'an nan mu gaisa." A Kano fura abin sha ce da mutum kan saya in rana ta yi zafi. A nan kuwa ita ce abincin yini, kuma ita ce sallamar gida ga baƙo. An daka gero da citta da kanumfari, an dafa, an kirɓa, an dama da nonon da ba a yi wa ha'inci da ruwa ba. Na sha har na ji nauyin kaina. Abokina ya yi dariya ya ce in rage wuri, tafiya ba ta fara ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka ziyarci hubbare, sa'an nan jagorana ya shige gaba. Na zaci kasuwa za mu nufa, sai na ga mun karkata cikin wani lungu, mun tsaya a ƙofar wani gida wanda ba shi da wata alama da ta bambanta shi da maƙwabtansa. Ya kira wata yarinya ya ba ta kuɗi da kwano, jim kaɗan ta fito da masa, watau abin da mu Kanawa muke kira waina, tana tururi. Ya ce duk unguwar an san babu mai kama hannun matar gidan nan wajen masa, kuma shekara da shekaru tana sana'arta ba ta taɓa zama bakin titi ba. Da na nemi bayani sai yarinyar ta zayyana mini: a jiƙa shinkafa, a niƙa, a dafa wani kaso a zuba ciki, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, sa'an nan a toya a tanda. Da na leƙa na hango tandar daga zaure sai na tuna da kaskon nan mai gurabu na mutanen Osaka, na yi shiru da bakina.

A nan na fara gane amfanin jagora. Baƙo, in ji Hausawa, makaho ne ko da yana da ido. A Japan mai shago yana rataye fitila da ƙyalle mai rubutu don mai wucewa ya gani. A ƙasar Hausa kuwa mafi daɗin abincin sayarwa yana bayan katanga, a hannun matan da ba su fita, kuma tallarsa tana kan 'yan yara ko a bakin maƙwabta. Wanda ya zo shi kaɗai zai iya kwana bakwai a gari ya koma yana cewa babu kome, alhali kullum yana wuce ƙofar abin da yake nema.

Da la'asar sakaliya muka isa wurin rundawa, kamar yadda ake kiran mahauta a wannan ƙasa. Wani barunje ya riga ya haɗa wuta a tsakiyar tukubarsa, ya jera tsinkaye sun kewaye ta. Na tsaya ina kallon yadda yake aikin: ya yanka naman fale-fale, ya soke a tsinke, ya turmusa shi cikin garin ƙarago, watau ƙuli-ƙuli, wanda aka haɗa da citta da masoro da tonka, ya yayyafa mai, sa'an nan ya kafa tsinken a gefen wuta yadda zafi zai gasa naman ba tare da harshen wutar ya taɓa shi ba. Ya yanka mana albasar da aka ciro daga fadama a ranar. Ban yi gardama ba da abokina ya tambaye ni ko kazar Japan ta kai wannan, domin kuwa bakina cike yake.

Bayan sallar lisha, kamar yadda suke cewa, ya kai ni inda ya kira izakayar Wurno, yana yi mini ba'a. Teburin mai shayi ne. Gidan giya ba ya cikin al'adar garuruwan nan tun kafin dokar Shari'a ta shekarar 2000, amma bukatar da ke kai ma'aikacin Osaka ƙarƙashin jar fitila ita ce ke kawo manomin Wurno kan wannan benci. Mutum yana son wurin da ba gida ba, ba kuma wurin aiki ba, inda zai sauke gajiya cikin 'yan'uwansa. Ga tebur an jera gwangwanayen madara da burodi da ƙwai, ga tukunya bisa wuta, ga rediyo an kamo shirin dare na BBC. A benci guda na ga malamin makaranta da ɗan kabu-kabu da dillalin albasa da wani dattijo mai rawani. Duk wanda aka miƙa wa kofi sai ya ce wa na kusa da shi bisimilla. Wanda ba shi da kuɗi ba ya faɗi, shi dai ya ɗaga wa mai shayi hannu, a rubuta a wani tsohon littafi, sai an sayar da albasa. An yi gardamar farashin taki, an sasanta wani saɓani kan ban ruwa, an yi wa wani saurayi tsiya kan aurensa da ke ta ja da baya. Abu guda na lura da shi wanda ya kamata in faɗa: matan da suka dafa kusan duk abin da na ci a ranar, babu ko ɗaya a wurin.

Mai shayin dattijo ne. Ya sheƙa shayina tsakanin kofi biyu har ya huce, ya soya mini Indomie da ƙwai. Na ce masa, "Baba, ka san asalin taliyar nan daga Japan take?" Ya ce bai sani ba. Na gaya masa wani mutum ne mai suna Momofuku Ando ya ƙago taliyar da ke dahuwa nan take cikin 1958 a kusa da Osaka, wani kamfanin Indunusiya ya yi tasa, ita ce ta iso mana. Ya ce, "To, Allah shi saka mai. Amma wanga tebur ya girme ta garin nan, ya kuma girme ka."

Ana cikin dariya sai aka jiyo ƙarar babura daga nesa, fiye da guda. Hira ta yanke kamar an ɗauke wuta. Mai rediyo ya rage murya. Ba wanda ya dubi wani, kowa kunnensa yana hanya. Sai da fitilun suka matso aka gane 'yan gari ne suka dawo daga fadama, sa'an nan aka ci gaba da magana, amma ba ta koma yadda take ba. Kafin ƙarfe goma Baba ya fara kife kofuna. Ya ce mini, "Da can sai ƙarhe ɗaya na dare nika tashi, masu motocin albasa na nan cike. Yanzu ko da anka yi lisha, ido na ga hanya."

Rabah

Washegari Asabar muka nufi Rabah, wadda ke bakin gulbin Sakkwato. Nan ne mahaifar Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. A nan aka haife shi cikin 1910, jika ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, kuma a nan ya fara sarauta da aka naɗa shi hakimi cikin 1934. Garin bai kai sunansa girma ba, kuma shiru ya fi yawa a cikinsa.

A bakin tasha jagorana ya gabatar da ni ga abinci biyu da ban taɓa ci ba. Na farko hoce, wanda ake yi da ƙullun dawa a gasa, mai ɗan tsami, mai riƙe ciki, irin abin da matafiyi ke ƙullewa a jaka. Na biyu ɗatu, watau kwaɗo, na zogala da aka dafa aka haɗa da ƙarago da albasa da tonka da ɗan mai. Na fito da littafina na shiga rubuta kalmomi: hura, masa, tonka, ƙarago, zogala, ɗatu, barunje. Shekara uku ina zama ajin nazarin karin harshe, ina haddace bambancin Sakkwatanci da Kananci don jarrabawa, amma sai a bakin tashar Rabah, da hannuna cikin kwano, kalmomin suka zauna mini.

A gefe kuma ga 'yan mata suna suyar awara. Na gaya wa abokina cewa wannan ita ce Japanawa ke kira tofu, kuma da wuya a yini a gidajensu ba a ci ta ba: waken suya ne a jiƙa, a niƙa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse. Farin magin da yarinyar ke barbaɗawa ma nasu ne, domin wani malamin jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin cikin 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto cikin 1909. Har daddawarmu tana da 'yar'uwa a can, natto, wadda ake ruɓar da waken suya a yi, kuma irin ƙwayar halitta guda ce ke aikin a duka biyun. Abokina ya ce, "Ashe kai kana neman Japan ga waya, ita kuwa tana nan tashar Rabah tana jiran ka."

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga Rabah kuskure ne da na tafka. Mai ɗatun wata tsohuwa ce, tana zaune nesa kaɗan da sauran, kayanta ba su da yawa. Da ta zuba mini sai halin kasuwar Kano ya motsa, na ce, "Haba Inna, ba gyara?" Abokina ya taka mini ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Tsohuwar ta ƙara mini cokali guda, ta dube ni ta ce, "Ɗiyana, da gidana ka ishe ni, da ba ka biya ba. Rumbu ukku gare mu. Baƙo ba ya wuce ƙoharmu bai sha hura ba." Ba ta ƙara kome ba. Da muka matsa sai abokina ya gaya mini daga ƙauyukan yankin Gandi take. Cikin watan Yuli 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da maƙwabtanta suka kashe mutum fiye da 30, jama'a suka watse, kuma tun daga lokacin ƙauyuka da yawa ba su sake zama daidai ba. Da dama daga cikin matan da na gani suna talla a bakin tasha ba gadon sana'ar suka yi ba, gudun hijira ya koya musu. Cokalin da na roƙa, daga abincin jikokinta ya fito.

Na koma na ce ta ƙara mini na wani kuɗin, na biya na bar mata canji. Ta karɓa ta yi addu'a. Ban ji sauƙi ba, domin na san abin da ta rasa ba kuɗin ɗatu ba ne. Matar da ta saba bayarwa ce aka mayar mai jiran ciniki. Tun daga ranar, in na ga mai talla, nakan tambayi kaina ko me ya fito da ita.

Goronyo

Lahadi ce ranar kasuwar Goronyo, saboda haka muka yi sammako. Kafin mu shiga kasuwa sai da muka leƙa madatsar ruwan da aka gina a kan gulbin Rima, wadda aka kammala cikin 1984, mai iya ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ita ke shayar da noman rani na wannan kwari, ita ke taimaka wa birnin Sakkwato da ruwan sha. Tsofaffin ɗalibai ba su manta da ambaliyar watan Satumba 2010 ba, wadda ta cinye ƙauyukan kwarin Rima, har ta yanke gadar hanyar jami'armu. A bakin ruwa muka tarar da masunta sun fito da tarwaɗa da ƙarfasa, mata suna soyawa nan take, waɗansu kuma suna banda. Kifin da ya fito ruwa da hantsi ya shiga mai kafin walaha, ba ya bukatar wani yabo daga gare ni.

Kasuwar kuwa tun daga nesa ƙamshin albasa da tafarnuwa ke tarbar mutum. Buhuna ne jibge, ana lodin manyan motoci masu zuwa Kudu. Abokina ya ja ni har rumfar wani kawunsa, barunje, wanda ya gaji sana'ar daga kakanni. Ya shimfiɗa mana buzu, ya yanko balangu mai zafi ya zuba a takarda, sa'an nan ya nuna mini yadda ake kilishi: a feɗe tsokar ta zama kamar mayafi, a shanya ta bushe, a tsoma cikin labu, watau kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a ɗan nuna mata wuta. Ya ce aikin yini biyu ne in rana tana da kyau, kuma hunturu ne lokacinsa.

Na tambaye shi, "Kawu, yaya kasuwa?" Ya ce alhamdu lillahi, sa'an nan ya yi shiru yana kaɗa ƙuda. Can sai ya ba ni labarin 2021. Cikin watan Satumba na shekarar gwamnati ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta kuma sa aka katse layukan waya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Barunje kuwa in babu dabba babu sana'a. Ana cikin wannan hali, ran Lahadi 17 ga Oktoba, da yamma, kasuwa tana cike, 'yan bindiga suka kewaye ta suka buɗe wuta. Gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Kawu ya nuna mini wani fili kusa da rumfarsa inda har yanzu ƙasa take da baƙin toka. Ya ce tukubar maƙwabcinsa ce, shekara ashirin suna aron wuƙa da garwashi, kuma ba wanda ya sake hura wuta a wurin. Na ce, "Kai kuwa Kawu, yaya ka iya komowa?" Ya ce, "In munka bar wuta tam mutu, mi ɗiya za su ci? Kuma in kowa ya zamna gida, su sunka ci kasuwa ke nan."

Na so mu kai dare a Goronyo, in ga nata teburin mai shayi, in cike littafina. Jagorana ya ƙi ƙememe. Tun kafin la'asar kasuwa ta fara raguwa, mutanen ƙauye suna ɗaure kaya don su isa gida da rana tsaka. Ya ce, "Ni na ɗauko ka, ni ka maishe ka. Tashi mu tai." Wannan ma aikin jagora ne, ya san inda za a ci, ya kuma san lokacin da za a tashi. Kawu ya ƙunshe mini kilishi a takarda, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce in kai wa mutanen Kano su ɗanɗana.

Abin da na koma da shi

A cikin mota, muna gangarowa ta Achida rana tana faɗuwa, na shiga auna abin da na gani da abin da Yaya ya ba ni labari. Ta wajen abinci ban ga inda aka bar mu a baya ba. Suna da kasko mai gurabu, muna da tanda. Suna da tsinken kaza, muna da tsire. Suna da ɗan shagon da ake sauke girman kai a ƙofa, muna da bencin mai shayi, har da ƙarin littafin bashi wanda amana kaɗai ke riƙe da shi. Ta wajen karɓar baƙo kuwa, kwana uku na yi ina ci, kuma abin da aka ba ni kyauta ya fi wanda na saya yawa.

Da na iso ɗaki na buga wa Yaya waya na ba shi labari. Na tambaye shi, cikin duk abin da ya ci a daren nan na Osaka, wanne ya fi tunawa. Ya yi ɗan tunani ya ce gaskiya ɗanɗanon ya ɓace masa, abin da bai manta ba shi ne tafiyar da ya yi zuwa masauki da ƙarfe ɗaya na dare, shi kaɗai, baƙo, bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Sai na tuna da yadda hira ta yanke a Wurno saboda ƙarar babur. A labarin da na ba 'yan ɗaki tun farko, wannan tafiyar ƙafa ita ce na ambata a gurguje kamar ba kome ba, ashe ita ce kan maganar. Abincin bakin titi da hirar dare 'ya'yan zaman lafiya ne. Mai son ya san halin da gari ke ciki, ya tambayi mai shayi ƙarfe nawa yake kashe wutarsa.

Akwai kuma hasarar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin Hausa. A irin waɗannan wurare ne yaro ke tsintar karin magana da zaurance da ba'a da salon gardama, a nan ne labarin gari ke wucewa daga tsoho zuwa saurayi. In dare ya gajarta, hira ta gajarta, kuma abin da ba a faɗa ba shekara goma ya kama hanyar ɓacewa. Haka nan in ƙauye ya watse, yakan watse da sunayen abincinsa da yadda ake yin su. Saboda haka ina roƙon malamanmu su ƙara tura mu irin wannan aiki, ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan asalin waɗannan garuruwa, da kowa ya zama jagora a garinsu. Ya ɗauki abokinsa da littafi, su zauna gaban mai masa da barunje da mai shayi, su rubuta kalma da sana'a da labari tun masu su suna da rai. In za a je, a bi shawarar 'yan gari game da hanya da lokaci, kada a yi musu gardama.

A daren da muka dawo na tara 'yan ɗaki, na buɗe ƙunshin kilishin Kawu a tsakiya, na janye maganata a gabansu kamar yadda na yi alkawari. Abokina bai ce kome ba, ya dai ɗauki yanki mafi girma, kuma ya cancanta. Mun yi da shi cewa ranar da hanya ta yi kyau za mu koma Goronyo mu kwana, mu zauna kan benci har mai shayi ya gaji ya kore mu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya nuna mana wannan rana. Amin.